Jerin Sunayen Malam Haladu

Kusan kowane mako sai wani a cikinku ya leƙo shagona da ke Magajiya ya ce in koya masa buɗe walet. Ya ga bidiyo a waya, wani mai baƙar hula ya danna maɓalli uku, sikirin ya yi kore, kuɗi ya zubo. Ni shekarata ashirin da huɗu ina gyaran kayan lantarki a Suleja, shida daga ciki ina wannan aiki na kiripto, kuma har yau sikirin bai taɓa yi mini kore ba. Abin da na sani shi ne fanka tana juyawa, fetur yana ƙarewa, mutum yana zaune a kan benci yana jiran abin da ba ni da ikon yi masa alkawarinsa. Tunda kun nace, ku zauna ku ji, in ya so wanda bai gaji ba ya dawo gobe.

Walet jaka ce a cikin waya ko kwamfuta da ake ajiye kuɗin kiripto. Babu banki a bayanta, babu manajan da za ka je ka yi wa kuka. Ranar da ka buɗe ta ana ba ka kalmomi goma sha biyu ka rubuta ka adana, sannan ka sa fasuwod ɗinka. In takardar ta ɓata, fasuwod kuma ya fita daga kanka, kuɗin yana nan daram, wani lokaci har kana iya ganin adadinsa, amma ba ka isa ka taɓa ko sisi ba. Ni ba na fasa wannan kulle. Babu mai fasa shi a Suleja, babu a Abuja, kuma duk wanda ya ce muku yana yi, ku riƙe aljihunku. Aikina canki-canka ne. Ina zama da mutum in tatso abin da ya rage a kansa, in ba wa na'ura, ita kuma ta riƙa juya shi tana gwadawa, da manyan baƙaƙe da ƙanana, da lamba a gaba da lamba a baya. Abin da ban ba ta ba, ko shekara ɗari za ta yi ba za ta samo shi ba.

Talabijin ɗin wata mata ce ta fara koya mini wannan, tun kafin a san wani abu wai shi kiripto. Lokacin ina koyon aiki a wurin Oga Bitrus, mutumin Filato da ya zo Suleja da akwatin kayan aikinsa ya zauna har ya tsufa. Ya fita sayo kaya, matar ta kawo talabijin, ni kuma ina son in nuna na iya. Kwana biyu na yi ina bin wayoyi da mita, na ƙone yatsa da darma, ban gano komai ba. Da Oga ya gaji da kallona sai ya aika aka kira ta, ya ba ta kujera, ya tambayi yara, ya tambayi kasuwa, can cikin hira ta ce ai ƙaramin ɗanta ne ya juye kunu ta bayan akwatin. Minti goma ya ɗauka da burushi da ɗan fetur. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Sabi'u, mai kaya ake fara buɗewa kafin kaya." Shekara biyar na yi a ƙarƙashinsa, na ji wannan magana ta fi sau dubu, kuma za ku ji yadda na manta da ita ranar da ta fi amfani.

Kayan aikin nan da kuke leƙawa kuna dariya, su ke nan. Tsohuwar kwamfuta ce da na sa wa katin girafik biyu, na saye su hannu na biyu a wurin masu gidan gem. Ba ta taɓa shiga intanet ba kuma ba za ta shiga ba, don sirrin mutane ne a cikinta. Fanka biyu suna kanta saboda in zafin Maris ya zo tana iya dafa ƙwai. Ga janareta a baya, ga littafin rubutu da biro. Wancan gwangwanin madara da ya yi baƙi kuma, a cikinsa nake ƙona takarda. Duk abin da mutum ya faɗa mini na rubuta, sunan matarsa ne ko lambar tsohon babur ɗinsa, ranar da aka gama aiki a gaban idonsa nake kunna ashana. Ko an buɗe ko ba a buɗe ba, takarda ba ta kwana a shagona bayan aiki ya ƙare.

Wata nas ce aikina mafi sauƙi. Ta zo a firgice, mun yi hirar rabin awa, ta ambaci waƙar coci da aka rera ranar aurenta, na sa lambar waƙar da sunan ƙauyensu, kafin ta gama shan ruwan leda an buɗe. Irin wannan kuke ji a gari ku ɗauka kullum haka ne. A cikin mutum goma da za su zauna a bencin nan, in biyu sun tashi da murmushi to watan ya yi kyau.

Shekarar da farashin kiripto ya faɗi ƙasa, ita ce ta tsofar da ni. A wannan shekarar ne kuma wasu manhajojin 'yan damfara suka rufe dare ɗaya, mutane suka yi ta zuwa da waya tana nuna musu miliyoyi, suna cewa fasuwod ne ya ƙi. Sai in duba in ga babu walet ma sam, zane ne kawai aka yi musu a sikirin. Faɗa wa malamin makaranta cewa kuɗin sallamarsa hoto ne ba ƙaramin aiki ba ne, na yi shi har bakina ya saba. Wani ɗan kasuwa kuma na yi masa mako uku, aka buɗe, aka tarar wayam, an kwashe tun shekara guda da ta wuce. Ya ce ni na kwashe. Ya tara mini jama'a a ƙofar shago, sai da dattawan layi suka zauna aka nuna masa ranar da kuɗin ya fita. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Tun daga ranar, in na'ura ta samo fasuwod ba na shigar da shi da hannuna. Mai kaya ne zai zauna ya danna da kansa, da shaida a tsaye.

Malam Haladu ya zo mini a farkon zafin shekarar da ta biyo baya. Dattijo ne manomi daga Garam, dogo, mai magana a hankali, ya taɓa yin masinja a Abuja don haka yana karatun boko daidai gwargwado. Ya kwance ƙullin leda ya fito da waya da ta faɗa rijiyar lambu ta kwana biyu a ciki. Na buɗe na ga tsatsa ta cinye ta, babu abin ceto sai ɗan katin memori.

Labarin ya ba ni shi a tsare. Gidaje sun zagaye gonarsa ta gado, 'yan Abuja suna ta yanka filaye, har ta kai akuyar maƙwabta ta fi shi cin masararsa. Ya sayar wa wani ma'aikaci, da sharaɗin zai ci gaba da noma har ranar da za a kawo bulo. Babban ɗansa, wanda ya kira Ɗanjuma, yana aikin waya a Abuja, shi ya ce kada a bar kuɗin a naira ta narke, a mayar da shi kiripton da ke bin dala har a samu wata gona. Shi ya buɗe walet a wayar uban, shi ya ajiye kwafinta a kulle cikin memori, shi ya riƙe takardar kalmomi goma sha biyu. Bayan wata bakwai motar haya ta kife da su Ɗanjuma a hanyar dawowa gida, ya rasu. Ba a ga takardar ba a ɗakinsa, ba a gan ta a jikinsa ba. Dattijon ya ci gaba da buɗe walet ɗin a waya da dangwala babban yatsa shekara biyu, bai sake rubuta fasuwod ko sau ɗaya ba.

Yanzu an kawo bulo. Ya samu gona a can bayan Chaza, mai kyau, da rafi a gefe, mai ita ya ce zai jira shi har ruwan shuka ya sauka, ya ƙara masa mako guda don mutunci. Bayan haka akwai mai son gina gidan kaji da kuɗinsa a hannu. Wato in ban buɗe memorin nan kafin damina ba, mutumin da tun yana ɗan shekara bakwai yake riƙe da fartanya zai wayi gari ba shi da inda zai sare ta.

Na tambaye shi me yake tunawa. Ya ce ranar da aka buɗe walet ɗin suna zaune a zaure, yaron ya miƙa masa waya ya juya baya, ya ce, "Baba, ka sa abin da ba wanda zai taɓa ji daga bakinka, ko ni kada ka faɗa wa." Ya ce ya san dai sunan ɗaya daga cikin yaransa ya sa, aka ce ya ƙara lamba ya ƙara, amma wanne ne da wace lamba, mutuwar nan ta share masa komai. Na ji daɗi a raina, don wannan aikin kwana biyu ne. Na buɗe littafi na ce ya jero mini su. Ya ce Ɗanjuma, Safiya, Murtala, Hassana da Usaina, sai auta Bilkisu. Na rubuta shida, na ce ya dawo jibi.

Jibi ta zo babu komai. Na juya sunayen ta kowace fuska, na haɗa biyu-biyu, na sa kowace lamba daga ɗaya har mai gida shida. Na kira shi na ƙaro sunayen matansa, jikoki, ƙannensa, sunan unguwa, har sunan wani sa da ya taɓa kiwo. Kullen memorin nan irin mai nauyi ne, da gangan aka yi shi ya riƙa jan ƙafa a kowane gwaji, don haka duk ƙarin suna ƙarin kwanaki ne. Wuta kuma a wannan watan sai ta leƙo awa biyu ta koma. Janareta ya riƙa shan fetur kamar da gayya, kati ɗaya ya ƙone a mako na biyar, na ci gaba da ɗaya.

Duk Litinin da Alhamis sai ya hau mota daga Garam ya zo. Ba ya tambaya. Zai yi sallama, ya zauna a ƙarshen benci, ya kalli fanka, in aka kira la'asar mu je mu yi tare, ya ce, "To Injiniya, Allah ya sa a dace," ya tafi. Da yana zagina da na fi samun sauƙi. Na kai ga in na hango farar hularsa daga bakin titi sai in duƙufa kan na'ura kamar aiki ya riƙe ni. Kuma duk tsawon wannan lokaci ban sake zama na yi hira da shi ba, na'ura kawai nake ta ƙara wa kaya, ina ganin matsalar ƙarfin inji ce.

A mako na tara hadari ya haɗu ta gabas, aka yi ruwa ranar Talata kamar da bakin ƙwarya. Duk garin ana murna an samu sanyi, ni ina tsaye a ƙofar shago ina jin kamar a kaina ake zuba shi. Ranar Alhamis ya zo da laka a takalminsa ya ce in kashe injin haka nan, kada in ƙarar da kaina, abin da ba rabonsa ba ne ba zai zama ba. Na roƙe shi ya bar mini memorin zuwa wani mako.

Ranar Laraba ta gaba Oga Bitrus ya biyo. Ya daina aiki tuntuni, ido ya yi rauni, amma yakan zo ya zauna ya sha shayi ya kushe yadda nake riƙe ƙarfen darma. Ya ga fuskata ya tambaya, na ba shi labari ban ambaci mai kayan ba. Ya ce in karanto masa jerin farko. Na karanta. Ya ce in sake, na sake.

"Wannan Ɗanjuman shi ne na fari?"

Na ce shi ne, kuma shi ne ya rasu.

"To ai wannan ranar haihuwa ce, ba sunan yanka ba. Shekara arba'in ina zaune cikinku, ban taɓa jin uba ya kama sunan ɗan fari da bakinsa ba. Kai kanka, babbar 'yarka me kake ce mata?"

Ummi nake ce mata. Shekararta goma sha tara, kuma ko a fom ɗin makaranta in aka zo wurin sunanta sai in miƙa wa uwarta biro. Na zauna ina kallon littafin nan. Dattijon ya faɗa mini amsar tun ranar farko, abin da ba wanda zai taɓa ji daga bakinsa. Ya ba ni jerin ne yadda kowane uba a garin nan zai bayar, ni kuma na karɓa yadda ni ma zan bayar, shi ya sa ban ga giɓin ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ranar talabijin mai kunu. Oga ya shanye shayinsa ya ce sukari ya yi yawa.

Washegari da sassafe na hau babur zuwa Garam. Na same shi a tsohuwar gonar, an haƙa harsashin gini ta tsakiyar inda yake shuka doya, yana tsaye yana kallon leburori suna kwaɓa siminti. Bayan gaisuwa na rasa ta inda zan fara, don tambaya ce da ba a yi wa dattijo. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Marigayi, wane suna aka raɗa masa ranar suna?"

Na ga lokacin da abin ya dawo masa, don hannunsa ya tashi ya dafe bulo. Bai faɗa ba. Ya duƙa ya ɗauki wani yagaggen kwali da leburori suka yar, ya miƙo hannu na ba shi biro, ya juya mini baya kamar yadda ɗansa ya juya masa, ya rubuta da manyan baƙaƙe. Ya ninke ya ba ni. Ni ma ba zan faɗa muku sunan ba.

Tare muka dawo, yana bayana a kan babur. Na sa sunan a na'ura da lambobi. Aikin da ya ci mako goma, kafin mai shayi ya kawo mana kofi biyu ya ƙare. Sunan ne da shekarar da aka haifi marigayin. Na kira mai ɗinkin da ke kusa da ni ya tsaya shaida, na juya allon wata kwamfuta mai intanet wajen dattijon, ya danna baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda. Kuɗin yana nan cif, ba abin da ya taɓa shi.

Ya ce in ara masa waya. Ya fito da lambar mai gonar Chaza daga aljihu, na danna masa, ya koma bakin ƙofa. Na ji yana cewa to, to, babu komai, Allah ya sanya alheri, a gaida gida. Ya dawo ya miƙo mini wayar da hannu biyu.

"Shekaranjiya mai kajin ya biya."

Na ce masa laifina ne, tambaya ɗaya ce ban yi ba tun ranar farko, kuma na san a yi ta. Ya ce shi ma ai ya san sunan ɗansa. Wannan damina ƙodago ya yi a gonakin mutane, dattijo mai kuɗin gona a waya yana yi wa wasu noma a biya shi da yamma, don ya ce ba zai iya zama a gida yana jin ƙamshin ƙasa ba. Sai da shekara ta zagayo ya samu wata, ƙarama, mai tsakuwa, ba rafi, tafiyar awa guda daga gidansa.

Amma a ranar, kafin ya tafi, na jawo gwangwanin madara kamar yadda na saba. Na yage shafukan littafin duka, matansa da jikokinsa da sunan san nan da ya yi kiwo, na cusa a ciki. Na ɗauko kwalin zan ɗora a kai, ashana tana hannuna, sai ya riƙe mini wuyan hannu. Ban taɓa zaton akwai irin wannan ƙarfi a jikinsa ba.

"Wannan kada ka ƙona."

Na ce masa ƙa'idar aiki ce, duk wanda ya tsinci kwalin nan ya tsinci rabin makullinsa. Ya ce a canja makullin, a sa duk abin da na ga dama. Muka canja. Ya karɓi kwalin ya buɗe, ya dube shi tsawon lokaci, ya share ƙurar siminti da gefen rigarsa, ya ninke ya sa a aljihun ƙirji. A duk shekarun nan ita ce takarda ɗaya tilo da ta fita daga shagona ba ta zama toka ba.

To ga aikin da kuke so ku koya. Na'urar zan iya nuna muku ita a yini ɗaya, ba wani abu ba ce. Wanda zai dawo gobe ya zo da littafi da biro, zai zauna a ƙarshen bencin can inda Malam Haladu yake zama, ya yi wata uku yana sauraron mutane kafin in bar shi ya taɓa maɓalli.